Bindigar ɗuri mai sauƙin kuɗi don farautar barewa a Ohayo: wacce za a saya?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu shiga harkar farauta a ƙasar nan. Na gama kwas ɗin koyon farauta na jihar Ohayo, lasisi ya fito. Wani abokin aikina yana da gona a gundumar Koshokton, barewa sun addabe shi da ɓarnar masara da waken suya, ya ce zai ba ni izini a rubuce kamar yadda doka ta nema. Ina son in shiga kwana huɗun nan na farkon Janairu da ake keɓe wa masu bindigar ɗuri, wato wadda ake zuba wa albarushi ta baki. Dala 450 na ware, kuma a cikinta nake son bindiga da madubin hange da albarushi da harsashi duka su fito. Na ga CVA Wolf, na ga Traditions Buckstalker. Akwai kuma wata ta hannu a shagon jingina kusa da mu, dala 120 suka ce. Wacce za ku ce in ɗauka?

Injiniya Sale: Wa alaikumus salam. Ta shagon jinginar nan fara cire ta daga lissafi, sai dai idan za su yarda ka kwance matoshin bayanta ka haska tocila cikin bututun. Bindigar ɗuri ba harbi ke kashe ta ba, rashin wanki ne. Tokar albarushi tana jawo laima, in mutum ya yi harbi ya ajiye ta mako guda bai wanke ba, tsatsa ta fara cin cikin bututun ke nan, daga waje kuwa tana ƙyalli. Yawancin waɗanda ake kaiwa jingina haka suke. Sannan in tsohuwar CVA ce ka duba lambar jikinta, domin kamfanin da kansa ya janye waɗanda aka ƙera a 1995 da 1996. Waɗanda suke yi yanzu daban ne.

Tsakanin Wolf da Buckstalker kuwa, ba wani nisa. Dukansu bakin .50 ne, bututu inci 24, dukansu ana karya su a tsakiya a sa firaima 209 ta baya, wato ɗan ƙoƙon ƙarfen da ke kunna albarushi, dukansu a Sifen ake ƙera su. Kuɗinsu yana yawo tsakanin dala 250 da 350, gwargwadon shago da kuma ko an haɗa maka da madubi. Ka je ka ɗora kowacce a kafaɗa, wadda ta zauna maka ka ɗauka. Ni Wolf nake riƙe da ita, abin da ya ja ni shi ne matoshin bayanta da hannu ake kwance shi, ba sai da sifana ba.

Abba na Minesota: Yaya Baban Ummi, araha ba ta ado fa. Ka ƙara haƙuri zuwa baɗi ka haɗa kuɗin Accura, ko aƙalla Optima, su ma na CVA ne. Bututunsu ya fi tsawo, za ka zuba albarushi giren 150 (giren shi ne ma'auninsa) ka harbo barewa daga yadi 200.

Injiniya Sale: Abba, a dajin Koshokton ina zai hango yadi 200? Tuddai ne da kwazazzabai da itatuwa. Mafi yawan harbin da ake yi a irin wurin nan bai wuce yadi 80 ba. Kuma giren 150 ɗin nan talla ce ta fi yawa a ciki. A bututu mai inci 24 wani kason albarushin a waje yake ƙonewa, abin da mutum zai samu shi ne naushi a kafaɗa, har ya fara runtse ido kafin ya ja kunama. Sabon maharbi in ya koyi tsoron bindigarsa, kuɗin da ya kashe bai amfane shi ba. Giren 90 zuwa 100 da harsashi mai nauyin giren 250 ya ishe kowace barewa a Ohayo.

Abba na Minesota: Amma Injiniya ka yarda bututun Accura ya fi kyau, na kamfanin Bergara ne.

Injiniya Sale: Na yarda, ban ce ba ta fi ba. Kuɗinta ne ya kusan ninka abin da mutumin ya ce yana da shi, kuma bai sayi ko ƙwayar harsashi ba tukuna.

Sarkin Baka: Ina gaishe ku duka. Na karanta abin da kuka rubuta, kuma zan faɗi nawa ko da ba zai yi wa yara daɗi ba. Wannan da kuke kira bindigar ɗuri, mai madubi da firaima da harsashi cikin rigar roba, sunan ne kawai ya rage mata. Lokacin nan da ake keɓewa, asalinsa don masu tsohuwar hanya aka yi shi, mutum ya san iska, ya san sawu, ya matso kusa da dabba har ya ji numfashinta. Mu nan Fensilbeniya tun 1974 ake da lokacin masu bindigar ƙyastu, yana farawa bayan Kirsimeti, kuma har yau ba a yarda da madubi a cikinsa ba, ba a yarda da firaima ba. Ƙanƙara ce za ta daki ƙarfe, tartsatsi ya faɗa cikin ɗan kasko, wuta ta bi ta ƙaramin rami ta isa ga albarushi. Wanda ya tashi a ƙauye a gida ya ga maharba da adakarsu, ko ya ga 'yan bindigar sarki ranar hawan salla, ya san abin da nake nufi. Dangi ɗaya ne, sai dai waɗannan a masana'anta aka yi bututunsu aka gwada shi, akwai kuma murɗaɗɗun layuka a ciki da ke juya harsashi. Baban Ummi, Traditions suna da mai ƙyastu da suke kira Deerhunter, kuɗinta bai yi nisa da abin da ka ware ba. Ka yi tunani a kai.

Baban Ummi: Ranka ya daɗe, wallahi maganarka ta taɓa ni, don kakana na wajen uwa maharbi ne. Amma ina jin ana cewa mai ƙyastu tana ƙin tashi.

Sarkin Baka: Tana ƙi, in ba a san ta ba. Ƙanƙara ta dakushe, ko raɓa ta shiga kasko, ko an cika kaskon har ya toshe ramin. Duk abin koyo ne.

Injiniya Sale: Baba, da girmanka, a nan zan saɓa maka. Abin koyo ne, gaskiya, amma ba na wata biyu ba ne. Mai ƙyastu ba ta tashi da kyau da albarushin madadi irin su Pyrodex ko Triple Seven, sai baƙin albarushi na asali irin Goex ko Swiss, shi kuwa doka ta sa shi cikin abubuwan fashewa, shaguna kaɗan ne suke ajiye shi. Tun da masana'antar Goex ta Luwiziyana ta tsaya a 2021 aka sha wahalar samunsa, kafin wani kamfani ya saye ta. Sannan mai ƙyastu mai araha ita ce ta fi ba da ciwon kai, domin a makunnin ake rage kuɗi, ƙarfen da ƙanƙara ke daka ba ya ba da tartsatsi sosai. Masu kyau irin na Pedersoli daga Italiya sun fi ƙarfin dala 450. Abin da ya fi damuna shi ne dabbar. Tsakanin walƙiyar kasko da fitar harsashi akwai ɗan jinkiri, sabon hannu a nan yake motsawa, sai ya sami barewa a ciki ko a cinya, ta gudu ta je ta mutu a wahale inda ba wanda zai gan ta. Wannan alhaki ne. Ya fara da wadda zai iya sa harsashi a haƙarƙari da ita, in hannunsa ya faɗa sai ya zo wurinka ka koya masa ta gargajiya.

Sarkin Baka: Maganar alhakin dabba gaskiya ce, ba zan yi musu a kanta ba. Amma ina nan kan bakana cewa madubi yana sa yara harbin nesa da bai kamace su ba. Wanda ba shi da madubi dole ya matso. In zai sa madubin, to ya yi wa kansa iyaka, yadi ɗari, kada ya wuce.

Ɗan Damagaram: Sannunku. Ina son in ja hankalin masu karatu da ba a Ohayo suke ba, kada wani ya ɗauki wannan shawara ya je ya sayi abin da jiharsa ba ta yarda da shi ba. Mu a Kolorado, a lokacin bindigar ɗuri ba madubi, ba harsashi mai rigar roba, ba albarushin curi, sai na gari da za ka auna da kanka. Kalifoniya kuma tun Yulin 2019 ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya, sai marar dalma, kamar na jan ƙarfe irin na Barnes. Kowace jiha tana buga ɗan littafin dokokinta duk shekara, kyauta ne, yana kan intanet. A karanta shi kafin a shiga shago.

Injiniya Sale: Haka ne. Ohayo ta yarda da madubi da rigar roba da curi, bakin bindiga kuma daga .38 zuwa sama. Rigar ruwan lemo dole ce a waɗannan kwanakin. Ban da lasisi akwai takardar izinin barewa da ake saye daban, in ka kashe kuma sai ka yi mata rajista. Wani abin daɗi, da wannan bindigar za ka iya shiga makon bindiga da ke farawa ranar Litinin bayan bikin Godiya na ƙarshen Nuwamba, ba sai ka jira Janairu ba.

Malam Habu: Tambaya daga gefe. An ce irin wannan bindigar ba a cike takardar binciken tarihin mai saye in za a saya. Gaskiya ne? Ɗan ƙanena ɗalibi ne, da bizar karatu yake, shi ma yana sha'awa.

Ɗan Damagaram: Malam, dokar tarayya ta 1968 ta sa bindigar ɗuri cikin rukunin tsofaffin makamai, shi ya sa a jihohi da yawa ake sayar da ita ba tare da wannan takardar ba. Amma ba duka ba. Wadda ake iya canza wa bututu ta koma ta harsashin zamani, irin Encore ta Thompson/Center, sai an cike. NitroFire ta Traditions ma haka. Jihohi irin Niyu Jazi da Ilinoi kuma suna da nasu sharuɗɗan. Batun ɗalibi kuwa a yi hattara ƙwarai. Mai bizar zaman wucin gadi doka ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai in yana da lasisin farauta mai aiki, ita kuma firaima 209 asalinta ta harsashin bindigar tsuntsaye ce. Saboda haka ya fara yin kwas ya karɓi lasisi kafin ya taɓa komai, ya kuma sani yawancin jami'o'i ba sa yarda a ajiye makami a ɗakin kwanan ɗalibai. Ya tambayi lauyan shige da fice, kada sha'awar nama ta taɓa masa takardu.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri. Zan tura masa wannan yadda yake.

Baban Ummi: To Injiniya, a ce na ɗauki Wolf ko Buckstalker mai haɗe da madubi. Wane albarushi? Ina ganin ana ta yabon Blackhorn 209.

Injiniya Sale: Blackhorn yana da kyau, ba ya barin datti da yawa, za ka yi harbi da dama ba ka goge bututu ba. Amma ɗan gwangwaninsa zai cinye maka kaso mai tsoka na abin da ya rage, sau da yawa ma ba a samunsa, kuma a CVA sai ka sayi matoshin baya na musamman da aka yi dominsa. A kuɗinka, ka sayi Triple Seven na gari da ma'auni, ko na curi mai giren 50 kowanne ka riƙa jefa biyu. Curi ya fi sauƙi da sanyin Janairu lokacin da yatsu suka ƙage, na gari ya fi araha kuma yana ba ka damar gwada 80, 90, 100 ka ga wanda bindigarka ta fi so. Ka sani Triple Seven na gari ya fi baƙin albarushi ƙarfi, kada ka wuce abin da littafin bindigar ya ce. Yana kuma barin wani zoben datti mai tauri daidai inda harsashi ke zama, don haka bayan kowane harbi a filin gwaji ka goge da ɗan ƙyalle mai laima, sannan busasshe.

Harsashi kuma, Hornady SST mai giren 250 ko XTP cikin rigar roba. PowerBelt ya fi sauƙin turawa, mutane da yawa suna amfani da shi. Ka sayi iri ɗaya da yawa ka tsaya a kansa, kada ka saita madubi da wani ka je daji da wani.

Sarkin Baka: Yanzu bari in faɗi abin da ya fi zaɓen bindiga muhimmanci, don na ga kuna ta sunayen kamfanoni.

Albarushin harsashin zamani, marar hayaƙi, kada ya kusanci bindigar nan ko da ƙanƙani ne. Launinsa ma baƙi ne, shi ya sa wasu suke ruɗewa. Shi ke fasa bututu ya tafi da yatsun mutum. Sai abin da aka rubuta a gwangwaninsa cewa na bindigar ɗuri ne.

Albarushi da ma'auni ake auna shi, na cikawa ba na sikeli ba, kuma daga ma'aunin ake zubawa. Ba a kafa bakin gwangwani ko gora a bakin bindiga, don in akwai sauran garwashi a ciki, abin da ke hannunka duka zai tashi. Ka danna harsashi har ya zauna daram a kan albarushi, kada a bar sarari tsakaninsu. Ranar farko da ka yi ɗuri daidai, ka bar sandar ɗurin a ciki ka yi mata alama da wuƙa ko fenti daidai bakin bututu. Daga ranar, duk lokacin da ka yi shakka ka zura sandar. In alamar ta tsaya sama da baki, ko dai harsashi bai zauna ba ko ka yi ɗuri biyu. A filin gwaji ake yawan yin ɗuri biyu, mutum yana cikin aiki wani ya yi masa magana, ya manta ya sake zubawa. Firaima ita ce ƙarshen abin da ake sawa, kuma fuska ba ta leƙa bakin bindiga.

In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka sauke ta ka duba. Ka ci gaba da nuna ta inda ka nufa, ka ƙirga minti guda cur, don wani lokaci wutar tana ci a hankali. Bayan nan ka cire firaimar, ka sake danna harsashin da sanda kafin ka sa wata, saboda bugun firaimar farko yana iya ɗaga shi daga kan albarushi.

Abba na Minesota: Baba Allah ya ƙara girma. Ni zan ƙara na sanyi, tun da mu ne a cikinsa. Bindiga in ta wuni a dusar ƙanƙara aka shigo da ita ɗaki mai ɗumi, gumi take yi ciki da waje, albarushin ya jiƙe, gobe ta ƙi tashi. In za ka bar ɗurin zuwa washegari, ka cire firaima ka kulle ta a wuri mai sanyi inda yara ba za su kai ba. Ka kuma manna salatif na wayar lantarki a bakin bututun don ruwa, ba ya hana harbi.

Hajiya Maman Khalifa: Salamu alaikum. Ni ba maharbiya ba ce, maigidan ne ke zuwa, ni ke karɓar naman. Abu biyu nake son Baban Ummi ya sani. Na ɗaya, in za ka kai barewar wurin masu fiɗa da niƙa, ka yi musu magana tun a bakin ƙofa. Naman barewa ba shi da kitse, don haka da yawansu suna haɗa shi da kitsen alade in za su niƙa ko su yi tsiran turawa, kuma wasu suna haɗa naman mutane da yawa a injin guda. Mu tun da muka gane haka a gida muke yin abinmu, a gareji, da wuƙaƙe biyu da teburi. Na biyu, ka sa kuɗin wuƙa mai kyau da igiyar ja da safar hannu cikin lissafinka, don na ga duk maganar bindiga kuke yi. Naman kuwa yana yin kilishi da dambu mai daɗin gaske.

Baban Ummi: Hajiya kin taɓo inda nake son tambaya. Malam Habu, in na harba ta faɗi, kafin in isa ta mutu, ya halatta?

Malam Habu: Dabbar daji da ba a iya kama ta a yanka, hukuncinta na farauta ne. Ka yi bisimilla lokacin da za ka ja kunama, da niyyar farautar wannan dabbar. A hadisin Adiyyu ɗan Hatim, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bambanta tsakanin abin da makami ya huda da abin da ya buge da faɗinsa ya kashe, na farko a ci, na biyu kada a ci. Harsashin bindiga yana hudawa ya zubar da jini, a kan haka malamai da yawa na baya, har da na Malikiyya, suka halatta. In ka iske ta da sauran rai tabbatacce, to wajibi ne ka yanka, shi ya sa wuƙa ba ta rabuwa da kai. Kuma kada ka yi sakaci wajen binta. Allah ne mafi sani.

Sarkin Baka: Malam, a nan akwai abin da bindigar ɗuri ta bambanta da sauran. In ka harba, farin hayaƙi zai rufe maka gaba na ɗan lokaci, ba za ka ga inda ta nufa ba. Saboda haka kafin ka ja kunama ka riƙe wata alama a inda take tsaye, kututture ko dutse. Bayan harbi ka kasa kunne, sau da yawa za ka ji ƙarar faɗuwarta. Ka sake ɗuri tukuna, a natse, sannan ka je wurin alamar ka nemi jini da gashi. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, ba ta yi nisa ba. In kuwa jinin ya yi duhu ko ka ga ɗanyen abinci a ciki, ka ja da baya ka ba ta lokaci ta kwanta, in ka matsa mata za ta tashi ta shiga gonar wani, kuma ba ka da ikon bin ta can sai da izinin mai gonar. Kuma in ka iske ta, ta bayanta ake zuwa, kofaton barewa yana yanka.

Injiniya Sale: Saura wanki. Kamar tukunyar tuwo ce, daren da aka yi amfani da ita ake wanke ta. Ka kwance matoshin baya, ruwan ɗumi da sabulu ya isa ga Triple Seven da Pyrodex, ka busar sarai, ka shafa mai kaɗan, ka sa man hana kamewa a zaren matoshin kafin ka mayar. Ranar da za ka sake ɗuri ka goge man nan tas, ka fasa firaima ɗaya ko biyu ba albarushi don ramin wuta ya buɗe. In ka sami mai bututun da aka yi wa naitiraid, wato aikin ƙarfafa fatar ƙarfe, da ƙarin kuɗi kaɗan, ɗauke ta, tana jure tsatsa, amma ba ta ɗauke maka wanki ba.

Baban Ummi: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na tsaya a kan sabuwa mai haɗe da madubi, gobe in Allah ya kai mu zan je in ɗora su biyun a kafaɗa. Ragowar kuɗin na albarushi da harsashi da kayan wanki da wuƙa. Injiniya, ina kake zuwa gwaji?

Injiniya Sale: Filin harbi na hukumar namun daji da ke Delaware, arewa da Kolombus. Ana sayen izinin shiga ta intanet, ka saya kafin ka taso. Asabar bayan sallar asuba zan biyo ta wurinka. Mu fara daga yadi 25 mu ga inda take zubawa, sannan 50, sannan 100. Ka taho da abin toshe kunne da tabarau, ni zan kawo ma'auni da ƙyallayen gogewa.

Malam Habu: In akwai wuri a motar ku taho da ɗan ƙanen nawa ya yi kallo, ba zai taɓa komai ba sai lasisinsa ya fito.

Injiniya Sale: Akwai wuri, Malam. Ya turo mini lambarsa ta akwatin sirri.